Cokali a Ɗakin Kulle



Yau da tona wa kaina asiri zan fara. Kwanakin baya cokali ya hana ni barci har dare biyu. Cokalin nan kuwa a cikin wayata yake. Wani wasa na sauke, irin wanda ake kulle mutum a ɗaki a ce ya nemi hanyar fita da kansa. Ɗakin bai da wani girma: gado, tebur mai aljihu biyu, kabad, agogon bango da ya tsaya, sai ƙofa ɗaya a garƙame. Ba mai biyo ka da bindiga, ba gudu ba tsalle. Kai dai ka taɓa nan ka taɓa can da ɗan yatsa, ka ɗaga matashin kai, ka leƙa ƙarƙashin gado, duk abin da ka tsinta wasan ya adana maka shi a gefen allo. Cikin minti ashirin na tsinci ɗan makulli, na buɗe aljihun farko, na sami tocila da batir, na haska bayan kabad na ga lambobi, da su na buɗe aljihu na biyu. Ina ta jin kaina. To a aljihu na biyun nan na tarar da cokali, daga nan kuma tafiya ta tsaya cak.

Abin da ya rage a ɗakin wani ɗan murfin ƙarfe ne a jikin bango, an ɗaure shi da noti huɗu. Ni dai na yanke hukunci sukundireba nake buƙata, na birkice ɗakin nan kaf ina nemanta. Shi kuwa cokalin, na yi ta yawo da shi ina neman kofin shayi ko kwalbar maganin da zan tsoma shi. A dare na biyu an ɗauke wuta, muna shan iska a tsakar gida, sai 'yata mai shekara goma sha ɗaya ta leƙo ta kafaɗata. Ta yi shiru kamar minti ɗaya, sannan ta ce, “Baba, ba da gindin cokali Mama take ɗaure notin hannun tukunya ba?” Na jawo cokalin na ɗora a kan notin. Ƙiris, ƙiris, ƙiris, ƙiris, murfi ya faɗo. Uwargida tana gefe tana yi wa auta fifita, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, “Da kana leƙa kicin ai da ba ka kwana biyu ba.”

A kan wannan irin wasa za mu yi magana yau, da yadda ake warware ƙulle-ƙullen da ke cikinsa, da kuma dalilin da ya sa nake ganin dare biyun nan da na yi a maƙale su ne ribar da na ci.

Wasan ya fi yadda ake zato tsufa. Tun a 1988 wani ɗan Birtaniya mai suna John Wilson ya fitar da wani da ake kira Behind Closed Doors. Lokacin ko hoto babu, rubutu ne zalla: kwamfuta ta gaya maka inda kake, kai kuma ka rubuta mata abin da kake so ka yi. Ku ji inda ya kulle ɗan wasan, a bayan gida. A 1993 wasu 'yan'uwa biyu Amurkawa, Rand da Robyn Miller, suka fito da Myst, inda ake jefa mutum wani tsibiri da ba kowa, sai injuna da littattafai da ƙofofi a rufe. Shi ya riƙe kambun wasan kwamfutar da aka fi saye har zuwa 2002. Amma wanda ya sa siffar da muka sani yau ta bazu, wato mutum ɗaya cikin ɗaki ɗaya mai ƙofa ɗaya, wani ɗan Japan ne, Toshimitsu Takagi, da wasansa Crimson Room na 2004. Ɗaki ne ja wur, ka farka a ciki ba ka san yadda aka yi ka shigo ba. Kyauta ake buga shi a intanet, kafin ka ce kwabo masu kwaikwayo sun cika ko'ina. Galibin waɗancan wasanni na farko da manhajar Flash aka gina su, kuma kamfanin Adobe ya yi sallama da Flash a ƙarshen 2020. Ba don wasu 'yan sa-kai sun tattara su sun adana ba, da ɗakunan da aka gina don a fita, yanzu shigarsu ce za ta gagara.

Hanyar da abin ya bi ma abin kallo ce. Yawanci daga zahiri ake kwafa a kai cikin kwamfuta, kamar ƙwallon ƙafa da tseren mota da dambe. Shi wannan daga kwamfuta ya fito ya shigo zahiri. A 2007, a birnin Kyoto, Takao Kato da kamfaninsa SCRAP suka fara shirya wasan da mutane na gaske a wuri na gaske. Zuwa 2011 an buɗe irinsa a Budafes ta ƙasar Hangari, daga nan ya watsu manyan biranen duniya: ku biya kuɗi, a rufe ku, a ba ku galibi awa ɗaya. Da korona ta zo a 2020 aka rufe wuraren, sai abin ya koma inda ya fito. Ma'aikaci ya rataya kyamara ya shiga ɗakin, 'yan wasa suna gidajensu suna ba shi umarni ta Zoom, buɗe nan, ɗaga can. Ku dubi ɗan Adam. An yi masa kullen dole yana ta ƙorafi, ya kuma ciro kuɗinsa ya biya a sake kulle shi.

Mu koma kan cokali. Abin da ya same ni masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da saninsa. Wani Bajamushe, Karl Duncker, yana da wani gwaji da aka buga da Turanci a 1945. Zai ba mutum kyandir, da ashana, da ɗan kwali cike da ƙananan ƙusoshi masu faɗin kai, ya ce a kafa kyandir ɗin a bango yadda idan an kunna ba zai ɗiga a kan tebur ba. Sai ka ga mutum yana ƙoƙarin soke kyandir da ƙusa, ko ya narkar da gefensa ya manna. Amsar kuwa tana gabansa: ka juye ƙusoshin, ka kafe kwalin a bango, ka tsayar da kyandir a ciki. Da aka sauya tsarin, aka zube ƙusoshin a gefe aka ajiye kwalin ba komai a cikinsa, sai akasarin mutane suka gane. Muddin kwalin yana ɗauke da ƙusa, ido ba ya ganinsa sai a matsayin mazubi. Haka ni ma, muddin sunansa cokali, shayi kawai nake gani. Yarinyar kuwa ta taɓa ganin cokali yana wani aikin, shi ke nan bambancinmu. Har yanzu ina mamakin yadda ko sau ɗaya hannuna bai kai shi kan notin nan ba.

Akwai ƙanin wannan tarkon, wanda Abraham Luchins ya nuna a 1942 da lissafin awon ruwa a tuluna uku. Idan mutum ya warware tambaya huɗu ko biyar a jere da wata doguwar dabara, aka kawo masa wadda ke da gajeriyar hanya, sai ya sake bin doguwar. Masu tsara ɗakunan nan sun san da haka sarai. Za su ba ka kwaɗo uku da ake buɗewa ta hanyar ƙirga kayan ɗaki, littafi nawa, kwalba nawa, kujera nawa. Ka zo na huɗu ka duƙufa kana ta ƙirge-ƙirge, alhali lambar tana rubuce ɓaro-ɓaro a bayan hoton da ke hannunka.

To ya gwanaye suke yi? Abu na farko da na lura da shi, daga kwaɗo suke farawa. Ɗan koyo yana shiga ɗaki sai ya hau tattara alamu, ya cika kansa da su. Gwani kuwa sai ya zagaya ya duba me da me ke rufe, kuma me kowanne yake nema. Wannan lamba huɗu yake so. Wancan harafi biyar. Na can kala uku a jere. Wani kuma sama, ƙasa, hagu, dama. Kwaɗo ba ya iya ɓoye siffar makullinsa. Da zarar ka san kana neman abu huɗu masu kala daban-daban, ɗakin da ya cika maka ido sai ya tsuke, ka ga ashe tukwanen fulawa huɗun nan da ke bakin taga ba don ado aka jera su ba. Sannan a yawancin ɗakunan da aka tsara da kyau, abu sau ɗaya yake aiki. Makullin da ya buɗe akwati ya gama nasa, ka cire shi daga ranka. Wanda kuma ya daɗe a hannunka bai yi komai ba, kamar cokalina, shi ne abin tuhuma.

Kuma ku nemi takarda da biro. Na san abin dariya ne mutum ya riƙe wayar dubban nairori yana kuma zane-zane a bayan tsohon rasit, amma kai ba ya riƙe alama bakwai a jere yana kuma tunani a kansu.

Wani zai ce, ai sai in yi ta gwada lambobi har in dace. Bismillah. Kwaɗo mai lamba huɗu yana da hanya 10,000. Ko da daƙiƙa uku kake gwada kowace, ka tanadi fiye da awa takwas kafin ka ƙure su. Amma idan ka san lambobin huɗu, kuma ba mai maimaita wata, jerinsu ne kawai ya ɓace maka, hanya 24 ce ta rage. Idan kuwa ka san uku da gurabensu, gwaji goma ya ishe ka. 'Yan wasa suna gardama a kan ko wannan na ƙarshen maguɗi ne. Ni dai a wurina halas ne, don wanda ya gano uku ya riga ya fahimci dabarar, saura aikin ƙafa.

Su kansu ƙulle-ƙullen, idan ka buga ɗaki goma za ka fara gane fuskokinsu, don 'yan gida ɗaya ne, kuma da yawansu sun girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Akwai rubutun sirri irin na Yuliyas Kaisar na Rum, wanda yake matsar da kowane harafi gaba da taki uku. Da haruffan Turanci, KANO sai ta koma N, D, Q, R. Idan aka hargitsa haruffan fiye da haka, maganin yana wurin malamin nan na Bagadaza, al-Kindi, wanda tun a ƙarni na 9 ya rubuta cewa a ƙirga alamar da ta fi yawan fitowa, a gwada ta da harafin da ya fi yawa a harshen. A Turanci harafin E ne. A Hausar boko kuwa, duba kowane shafi ka gani, A ce sarauniya.

Akwai wanda duk lokacin da na ci karo da shi sai na yi murmushi. Za ka ga allo mai gida tara, uku-uku, an ce ka jera lamba ɗaya zuwa tara yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla iri ɗaya. Jama'a, wannan ai hatimi ne. Ba maganar abin da wasu ke yi da shi nake ba, lissafin cikinsa nake nufi. Tara lamba ɗaya zuwa tara, za ka sami 45. Raba gida uku, kowane layi 15 ke nan. Biyar ita ke zama a tsakiya, biyu da huɗu da shida da takwas su kama kusurwoyi, sauran su cike gurbi. Layin sama huɗu, tara, biyu. Na tsakiya uku, biyar, bakwai. Na ƙasa takwas, ɗaya, shida. Kuma muna da namu gwanin a wannan fanni. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, malamin lissafi da ilimin taurari daga Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 inda ya bayyana hanyoyin gina irin waɗannan hatimai masu gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. A Alƙahira ya rasu a 1741. Saboda haka idan ɗan Katsina ya maƙale a kan hatimi mai gida tara a cikin wasan da aka yi a Turai, to ya san akwai wanda zai ji kunyarsa.

Japanawa ma sun gina wasa sukutum a kan wata dabarar lissafi da masu hisabi za su gane nan take. Sunansa 999, Kotaro Uchikoshi ya rubuta labarinsa, ya fito a 2009 a kan na'urar Nintendo DS. Mutum tara aka sace aka zuba a jirgin ruwa, aka ba su awa tara, kowa da lambarsa ɗaure a hannu. Ƙofa mai lamba ba ta buɗuwa sai mutum uku zuwa biyar sun haɗu, an tara lambobinsu, an sake tara abin da ya fito har ya koma lamba ɗaya tak, ta yi daidai da ta ƙofar. Mai biyu da mai huɗu da mai takwas sun ba da 14, ɗaya da huɗu biyar, to ƙofa ta biyar tasu ce. Daɗin abin shi ne lissafin yana tilasta maka zaɓen wanda za ka shiga da shi da wanda za ka bari a baya, ko kana ƙaunarsa ko ba ka yi.

Yanzu ga inda nake da zafi. Tsakanin mai tsara ɗaki da mai buga shi akwai amana. Mai tsarawa ya yi alkawarin cewa duk abin da ake buƙata yana cikin ɗakin, kuma idan ka ga amsar za ka dafe kai ka ce, kai, ai a gabana take. Idan ka ga amsa ka ce, to wa zai taɓa tunanin wannan, an ci amanarka. Misalin wanda ya riƙe amana shi ne The Room, na wani ƙaramin kamfani mai suna Fireproof Games da ke Guildford a Ingila, wanda ya fito a kan iPad a 2012, ya kuma ci lambar BAFTA ta wasan Birtaniya mafi kyau a shekarar da ta biyo. A farkonsa wani ƙaton akwatin ƙarfe ne a gabanka, irin na ajiyar kuɗi. Ka sami 'yar takarda mai kacici-kacici, abin da ci ke raya shi, sha ke kashe shi. Kowane ɗan Bahaushe zai ce wuta. Ka zagaya akwatin, ka sauka wajen ƙafafunsa, ka tarar da alamar wuta, ka danna, makulli ya fito. Ba abin da aka ɓoye maka, an dai jira ka ka duba. Kuma da yatsanka kake murɗa makullin, da shi kake jan aljihu, har ka ji ƙarar katako da tagulla kamar a hannunka suke.

Masu cin amana kuwa kala-kala ne. Akwai mai ɓoye makulli a wani ɗan ɗigo da ido ba ya gani, sai ka yi ta dangwalar allo kamar kaza na tsattsagar tsaba. Wannan farautar ɗigo ce, ba tunani a cikinta. Akwai mai cika ɗaki da alamun ɓad da sawu, lambobin da ba sa buɗe komai, don kawai ya ja maka lokaci. Mafi muni su ne wasu daga cikin na kyautar nan da ke cike da rumbun manhajojin waya. An ce banza ba ta kai zomo kasuwa. A kusurwar allo akwai ɗan ƙwan fitila, ka danna a ba ka haske, amma sai ka kalli talla ta rabin minti, da datarka. Wanda cinikinsa ya dogara da maƙalewarka, me zai sa ya yi maka adalci? Na buga wasu da na tabbata da gangan aka karya dabarar ƙullin don a tura ni wurin talla.

Ba laifi ba ne neman haske. Mu ma da muna yara, idan aka yi kacici-kacici da dare ka yi ta harbi ba ka samu ba, sai a ce ka ba da gari. Ka ce na ba ka ƙauye kaza, a ce ba a so, ya yi kaɗan, sai ka miƙa Kano ko Katsina sannan a faɗa maka. Amma ku tuna ƙa'idar: ba a ba da gari sai an gwada an gaji, kuma mai tambayar bai taɓa yi maka tambayar da ba ta da ma'ana don ya tara garuruwa ba.

Wani cikas ɗin kuma ba mugunta ba ce, rashin sanin cewa akwai irinmu ne. Mai tsara ɗaki a Turai yana ɗauka kowa ya san sunayen maɓallan fiyano, da yadda doki ke tafiya a kan allon ces, da lambobin Rumawa na jikin agogo, da wasa da kalmomin Turanci masu sauti ɗaya ma'ana biyu. Idan ka maƙale a irin wannan, kada ka zargi ƙwaƙwalwarka, da ɗan gari akan ci gari. Abin da ya ba ni sha'awa da Escape Simulator, na kamfanin Pine Studio na ƙasar Kuroshiya, wanda ya fito a 2021, shi ne ya ba kowa kayan gina nasa ɗakin ya saka wa duniya. Ina jiran ranar da zan shiga wani zaure a kwamfuta in tarar da adaka a kulle, da allo mai rubutun ajami, da gurbin dara a ƙasa, lambar kwaɗon kuma sai ka san alif ɗaya ne, ba biyu, jim uku, dal huɗu. Ranar mu ma za mu zauna mu ga yadda wasu za su ba da gari.

Wanda ya fi ba ni dariya a duk wasannin nan shi ne na mutum biyu. Akwai We Were Here, wanda wasu ɗalibai a ƙasar Holan suka fara, ya fito a 2017. Ku biyu aka raba a cikin wata tsohuwar fada a yankin ƙanƙara, kowa da ɗakinsa, ba mai ganin allon wani, sai oba-oba a hannu. Amsar ƙullinka tana bangon ɗakinsa, tasa tana naka. Na buga da ƙanena, yana garinsu ina garinmu. Ya ce, “Yaya, me kake gani?” Na ce wata alama ce kamar ludayi an kifa shi. Ya ce shi ba ludayi a wurinsa, akwai dai mai kama da ƙafar kaza, da wata kamar lauje mai wutsiya. Muka ɓata minti goma kafin mu gane ludayina shi ne laujensa. Sai aka zo wurin da zai ja ni a hanya, ya ce in yi hagu. Na yi hagu na faɗa inda ba a so. Ya ce, “Haba Yaya, haguna nake nufi.” Shekara talatin da wani abu muna magana da yaron nan, sai a daren na gane kowannenmu yana ɗauka ɗan'uwansa na ganin abin da yake gani.

Iyaye sukan tambaya ko wasannin nan na ƙara basira. A nan sai a yi hattara da 'yan talla. A 2010 Adrian Owen da abokan aikinsa, tare da BBC, suka gwada mutum 11,430 na tsawon mako shida a kan wasannin horar da ƙwaƙwalwa, aka buga sakamakon a mujallar Nature. Mutane sun ƙware a wasannin da suka yi ta bugawa, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wasu ayyukan tunani ba. A 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa masu manhajar Lumosity biyan dala miliyan biyu saboda alkawuran da suka yi a talla ba tare da hujja ba. Waɗancan ba ɗakunan kulle ba ne, amma darasin ya shafe su: mai buga ɗakin kulle, a buɗe ɗakin kulle yake gwanancewa. Kada wanda ya sayar muku da shi a matsayin maganin jarrabawa. Kuma a riƙa dubawa kafin a miƙa wa yaro, don wasu, irin jerin Cube Escape na kamfanin Rusty Lake, akwai jini da gawa da abubuwan firgita a ciki.

Abin da na yarda wasan yana bayarwa shi ne wurin da mutum zai zauna da rashin sani ba tare da ya yi asarar komai ba. A zamanin nan da wuya tambaya ta kwana a kan mutum, kafin ta zauna ya danna waya an ba shi amsa. Kowane ɗaki da na ambata, akwai wanda ya buga shi daga farko har ƙarshe ya ɗora a YouTube. Minti biyu ya ishe ni in ga abin da ake yi da cokali. Da na yi haka, ƙofa za ta buɗe, amma an tauna ne an ba ni na haɗiye. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma a wasan nan gudun shi ne naman. Idan abin ya cije, ajiye wayar ka tashi. Masanin lissafin nan na Faransa, Henri Poincaré, ya ba da labarin wata matsala da ta yi masa taurin kai, ya bar ta ya tafi yawon duba duwatsu da abokai, yana ɗora ƙafa a matakalar keken dokin haya a garin Coutances sai amsar ta faɗo masa. Ni tawa sau da yawa a wurin wanka take zuwa, ko ina tsaye a layin mai. Wani lokacin kuma ba ta zuwa sai wata 'yar shekara goma sha ɗaya ta leƙo ta kafaɗarka.

Kafin in sallame ku, ga naku ɗakin. Kana tsaye a waje, ƙofa a rufe ruf, ba taga, ba kafar da haske zai fito. A cikin ɗakin akwai ƙwan lantarki guda ɗaya, irin na da mai zare a ciki, yana rataye ƙasa-ƙasa. A bangon waje kusa da kai akwai makunni uku, duk a kashe, ɗaya ne kawai na ƙwan. Kana iya kunnawa da kashewa yadda ka ga dama, na tsawon lokacin da ka so, amma sau ɗaya tak za ka buɗe ƙofar ka shiga, kuma daga nan ba komawa wurin makunnan. Ta yaya za ka gane wanne ne nasa? Kada wani ya ce mini ai an ɗauke wuta, mun ɗauka akwai. Duk abin da kuke buƙata na riga na faɗe shi. Wanda ya kasa zuwa mako mai zuwa ya tanadi garin da zai ba ni, kuma ba na karɓar ƙauye.